Shekarar da Kowa Ya Zo Na Ɗaya a Ƙofar Durbi

Shekarar da soja suka tattara komatsansu suka koma bariki, kowa a Katsina ya wayi gari da tasa fassarar dimokuraɗiyya. 'Yan kabu-kabu suka fassara ta da bin hannun da suka ga dama. Masu shago suka fassara ta da ƙaro rumfa har tsakiyar titi. Amma duk cikin masu fassarar nan babu wanda ya yi nisa kamar Malam Babaji, hedimastan makarantar 'yan unguwa da ke Ƙofar Durbi.

Malam Babaji gajere ne, sai dai muryarsa ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Ba a taɓa kawo labari a gabansa ba face ya ce ai shi tun bara ya sani. A farkon damina aka tura shi bita Kaduna kan sabbin dabarun koyarwa. Wanda suka tafi tare ya rantse cewa kujerar baya Malam ya kama ya yi ta sharar barci, ba ya farkawa sai ya ji ƙarar kofunan shayi. A ɗaya daga cikin farkawar nan ne kunnensa ya tsinci magana guda: a bar yaro ya ja ragamar karatunsa. Ita kaɗai ya ɗauko, sauran bitar ya bar wa mutanen Kaduna kayansu.

Ba kuma don Allah kaɗai ya ɗauko ta ba. Sabon kansilan mazaɓa, Alhaji Zakari, wanda har watannin baya dillalin hatsi ne, yana neman mai ba shi shawara kan ilimi. Kujera ce mai ofis da fanka da babur. Malam Babaji ya ƙwallafa rai a kanta har yana mafarkin fankar. Kansila kuwa ya yi alkawarin halartar taron rufe makaranta a ƙarshen zango, ya ga da idonsa abin da hedimasta ya iya.

Da yamma Malam ya baje hajarsa a majalisar ƙofar shagon Almu tela.

"Na ɗaya, na biyu, na ukku," in ji shi yana lanƙwasa yatsu, "mi ye wannan in ba Janar, Kanar, Manjo ba? Mun kori soja daga gidan gwamnati, mun bar shi cikin aji! Daga yau makarantata babu maki, babu jan biro, babu jarrabawa. Yaro shi za shi zaɓi abin da za shi koya."

Almu ya zare allura daga baki. "To Malam, in ɗana ya dawo gida ran hutu, mi za ni tambaye shi?"

"Ka tambaye shi lahiya."

"Lahiya ai da ita muka kai maku shi. Wani abu muka ce a ƙaro mashi a kai."

"Almu, kai wando ka sani, bar ma masu ilimi ilimi. Nan da baɗi Turawa za su zo Ƙohwar Durbi ɗaukar darasi. Ka yi ta addu'a in sa su ɗinka kaftani wurinka."

Ran Litinin ya tara yara ya shelanta musu 'yanci. Katunan sakamako da aka riga aka bugo, ya sa aka kwashe aka kai wa Hajo, tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin makaranta, ta riƙa ƙunshe ƙosai da su. Ya ce a can ma sun fi amfani.

Yara ba su ɓata lokaci ba. Ƙuri'ar farko da suka kaɗa, suka tsawaita hutun tara har zuwa tashi. Malam ya ce wannan zumuɗin sabon shiga ne, zai wuce. Ƙuri'a ta biyu suka tsige Malam Ado mai lissafi. Bawan Allah ya koma gindin darbejiya yana ɓarar gyaɗa, yana addu'ar Allah ya ja zamanin farar hula. 'Yan mata suka ce lalle za su koya, allo ya cika da zanen fulawa. Wasu maza suka ce tattabaru za su nazarta, suka zo da su cikin kwando, wata tattabara ta tashi ta yi nata nazarin a kan hular hedimasta yana tsakar bayani. Maƙwabta suka kawo ƙara cewa ihu ya hana su ƙailula. Malam ya ce wannan ba ihu ba ne, muhawara ce.

Sai kuma Sagir, jikan Hajo mai ƙosai, ƙaton yaron da ya zauna aji biyar har gashin baki ya fara leƙowa. Shi ya ce gyaran keke zai koya. Ya zo da sifana cike da aljihu, ya fara darasi da keken Malam Ado. Kafin azahar ya kwance shi tsaf. Haɗawa ce ya ce wannan karatun zango mai zuwa ne. Daga ranar Malam Ado ya koma zuwa aiki a ƙasa, ya kuma daina yi wa farar hula addu'a.

Yarinya ɗaya ce ta ƙi shiga wannan shagali. Madina ce, jikar Sabuwa mai fura, wadda tun aji ɗaya babu mai zuwa gabanta. Kullum sai ta ɗaga hannu.

"Malam, yaushe za a yi jarrabawa?"

"Madina, ke ce ragowar mulkin soja a makarantar ga. Zauna."

Abin da Malam ya manta shi ne al'adar unguwar. A Ƙofar Durbi, duk gidan da ɗansu ya zo na ɗaya sai an yanka zakara, a soya shi da man shanu, a haɗa da tuwon shinkafa a aika wa hedimasta. Shekara da shekaru zakaran Sabuwa ne ke zuwa daga kowane ajin da Madina ta baro, bana kuma ga ta a aji biyar. Sai da hutu ya matso sannan Malam ya lura cewa ranar da ya soke na ɗaya, har da zakara ya soke. Abin ya dame shi ƙwarai, don shi mutum ne mai girmama al'ada, musamman wadda ake soyawa.

Ana nan sai ga Hajo ta yi sallama a zaurensa, da wani jan zakara a hammata za ta kai kasuwa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi damina, aka tambayi ƙafar da ke damunta.

"Malam, na ji an ce bana babu kati, na ce bari in ji daga bakinka. Wanga mijin nawa, Sagiru, na nawa ya zo? In na ƙarshen ne kamar kullum, hwaɗa mani in wuce kasuwa, rana na yi."

Malam ya gyara murya zai yi mata bayanin Kaduna. Sai zakaran ya miƙo wuya ya dube shi. Zakara ne mai ƙirji, irin wanda ya ci dawa ya ƙoshi. Bayanin Kaduna ya koma ciki.

"Na ɗaya, Iya."

"Sagirun?"

"Shi hwa. Amma ki riƙe a cikinki sai ranar taro."

Da yamma langar tuwo da soyayyen zakara ta iso tana ƙamshi. Mairo, matar Malam, ta buɗe ta rufe, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Malam, Sagirun da bai iya rubuta sunan shi ba?"

"Mairo, a sabon tsari kowane yaro na ɗaya ne a wani abu. Ba ƙarya na yi ba, zamani na riga. Miƙo yaji."

Hajo ta riƙe maganar a cikinta tun daga zauren Malam har zuwa bakin kaskonta. Kafin magariba duk wanda ya sayi ƙosai ya tafi da labarin kyauta. Kakannin unguwa suka ce a'a, wannan sai an je an ji. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da abin fuka-fuki a hammata saboda ko da wani abu. Amsar Malam ba ta canzawa.

"Bar Hajo da zancenta, tsuhwa ce. Naki ne na ɗaya. Amma ki riƙe a cikinki sai ranar taro."

Har Sabuwa ta zo a fusace, ta koma da murmushi, zakaranta ya biyo baya.

Mairo ta daina ɗora tukunya. Malam ya yi kumatu, wuya ya yi kauri har sai da Almu ya buɗa masa wuyan riga. Unguwa ta yi shiru da asuba saboda babu sauran mai cara, kaji mata suna yawo a lungu kamar masu takaba.

A wani gidan suna Hajo da Sabuwa suka haɗu kan tabarma ɗaya.

"Bana dai an huta da masu riƙe na ɗaya kamar gadon gidansu," in ji Hajo tana kallon sama.

"Wa, Sagiru?" in ji Sabuwa. "Yaron da in an ba shi biro sai shi nemi inda za shi kwance shi?"

"Mu haɗu ranar taro."

"Allah shi kai mu. Ki zo da babban mayahi na ruhe huska."

Sauran tsofaffin da ke kan tabarmar suka sunkuyar da kai suna murmushi, kowacce tana tausayin su biyun.

Jajibirin taro, Malam na zaune da cinya a hannu, direban kansila ya kawo saƙo. Alhaji ya ce a shaida wa hedimasta zai zo da sabon keke fil, kyautar wanda ya zo na ɗaya a aji biyar. Da direba ya fita, Mairo ta leƙo.

"Keke nawa ya ce?"

"Guda."

"To Allah shi sa mai sirdi arba'in ne."

"Ku mata ba ku san ƙarhin jawabi ba. Ni da na yi magana a Kaduna zaure duka ya miƙe tsaye?"

Zaure ya miƙe tsaye, wannan gaskiya ne. Lokacin an rufe taro da addu'a ne, kowa na neman takalminsa.

Ranar taro aka kafa rumfa, aka jera bencina. Kakanni suka mamaye sahun gaba, kowacce ta ci ado ta ajiye guɗarta a maƙogwaro tana jira. Kansila ya iso cikin babbar riga mai sitaci, mai hoto na biye da shi. Aka sauko da keke daga bayan mota, baƙi wuluk, ko ledar sirdi ba a cire ba. Aka jingine shi a jikin darbejiya inda kowa zai gani.

Malam Babaji ya miƙe ya kama jawabi. Ya faro daga zuwan Turawa, ya bi ta kan soja ya tattake su, ya shiga Kaduna ya daɗe bai fito ba. Dabararsa ita ce ya yi ta magana har a manta da keke. Amma kansila tsohon dillali ne, ya san mai jan ciniki in ya gan shi.

"Hedimasta," ya katse shi, "muna da wani taro Kambarawa bayan la'asar. Kira na ɗaya."

"Ranka shi daɗe, ai kalmar na ɗaya a ilimin zamani..."

Kansila ya miƙe da kansa ya ɗaga murya. "Wanda ya zo na ɗaya a aji biyar, shi hito!"

Aji biyar ya miƙe gaba ɗaya.

Guɗa ta tashi daga kowane benci lokaci guda, har tattabarun makaranta suka watse. Sai kuma ta fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, yayin da kowace tsohuwa ta waiga ta ga ta kusa da ita ma hanci a riƙe.

Wata tsohuwa ta zunguri ta kusa da ita. "Ke Mariya, mi kike ma guɗa?"

"Jikana. Ke hwa?"

"Malam ya ce mani..."

"Ni ma ya ce mani!"

Idanu suka juyo kan hedimasta. Gumi ya karyo masa tun daga ƙarƙashin hula, amma bakin bai mutu ba.

"Jama'a, a kwantar da hankali! Abin alfahari ne. Wace makaranta ce a jihar ga ta taɓa hidda na ɗaya aji guda cur? Amma tunda keke guda ne, sai mu koma ga dimokuraɗiyya. A yi ƙato bayan ƙato! Duk mai son keke shi tsaya, masu goyon bayan shi su yi layi a bayan shi."

Kowane yaro ya tsaya takara. Bayan kowane yaro kakarsa ta tsaya, ita kaɗai, tana huci. Malam Ado, wanda rabonsa da lissafi tun tsige shi, ya taso daga gindin bishiya da murna ya ƙirga, ya sanar cewa an yi kunnen doki tun daga farkon layi har ƙarshe.

Daga nan taro ya zama na kakanni. Suka yi wa Malam da kansila zobe a cikin rumfa. Katsinawa ne, kuma an taɓa su, saboda haka abin da aka faɗa a wurin ba duka ne zai shiga takarda ba. Sabuwa na cewa a kawo jarrabawa yanzu-yanzu a ga ƙarya. Hajo na cewa wa ya isa ya sake wa jikanta jarrabawa bayan ya riga ya ci. Wata na tambayar mai hoto ko ya ɗauki fuskar maƙaryacin da kyau. Kansila na ta "a yi haƙuri, iyayena," sitacin rigarsa na karyewa.

Yara kuwa zango guda suka yi ana koya musu kada su jira manya. Suka koma gindin darbejiya suka buɗe zama. Sagir ya kawo shawara: tunda kowa na ɗaya ne, kowa na da rabo. Aka kaɗa ƙuri'a, shawara ta wuce, Madina kaɗai ta ƙi ɗaga hannu, ta koma gefe tana share hawaye. Sagir ya zaro sifana. A nan dai, a faɗi gaskiya, karatun zango bai tafi a banza ba.

Lokacin da kansila ya samu ya ɓalle daga zoben ya ce a kawo keke ya mayar mota, babu komai a gindin bishiya sai ledar sirdi. Can bakin ƙofa aka hango ƙurar 'yan na ɗaya, wani da sarƙa a wuya, wani na kaɗa ƙararrawa, wata ta rungume feda. Sagir na gaba yana gara ƙafar gaba da sanda. Kakanni suka ga haka, kowacce ta bi nata a guje don kada a ƙwace masa.

Kansila ya kamo Malam ta sabon wuyan rigarsa ya ja shi bayan mota. Muryarsa ta yi ƙasa, irin ta dillali in ciniki ya ɓaci.

"Kai, ka san abin da ka yi mani? Keken ga aro na yo shagon surukina! Shi za ni ba na ɗayan Kambarawa bayan la'asar, jibi kuma akwai wata makarantar. Hoto kawai ake yi a maida shi mota, a ce ma yaro za a kawo mashi gida."

"Ranka shi daɗe, ai wannan ma wani darasi ne da ya kamata mu..."

"Rufa mani baki! Ka haɗo mani kekena cif kahin la'asar. In ka kawo, mu yi maganar kujera. In ba ka kawo ba, kujera ta tahi, kuma shugaban kwamitin iyaye na nan tsaye, ya ce makullan ohis yake jira."

Malam Babaji ya tattara riga ya nufi cikin unguwa da sauri. A hanya ya yi wa kansa lissafi mai daɗi: tsofaffi ne, da kalma biyu zai karɓe kayan, Sagir ya haɗa, ko ya haɗa da kansa, shi da ya san keke tun kafin a haifi kansila. Da babba zai fara, ƙafar gaba.

Ya tarar da Hajo tsaye a bakin ƙofarta, ta dafa ƙafar keken kamar mai tsaron gona.

"Iya, barka da rana. An ɗan samu kuskure ne. A ba ni ƙahwar in maida, gobe in zo in yi maki cikakken bayani."

"Bayani na sha shi yau har ya ishe ni. Tambaya guda gare ni, Malam. Sagiru na ɗaya ne, ko ba na ɗaya ba ne?"

"Iya, ai a sabon tsari..."

"In na ɗaya ne, ƙahwar keke tashi ce, kansila ya ce kyautar na ɗaya ce, kowa ya ji. In ba na ɗaya ba ne, ga ƙahwarka, ɗauki. Ka maido mani jan zakarana yadda na kawo shi, da ƙirjin shi da carar shi."

Malam ya buɗe baki. Ya waiga don ya sami abin kamawa, sai ya ga lungun tun daga nan har ƙarshensa. A bakin kowace ƙofa tsohuwa ce tsaye, wata da sarƙa, wata da sirdi, wata da birki, duk sun kasa kunne. Duk abin da ya amsa wa Hajo, shi zai amsa wa kowacce. Ya tuna albashinsa, ya tuna yawan zakarun da suka bi ta maƙogwaronsa. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa neman magana ya rasa ba sai ranar, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da zagin da ya sha a rumfa.

"Na ɗaya ne, Iya," ya ce a hankali.

"Ɗaga murya, kunnena ya tsuhwa."

"Na ɗaya ne!"

"Madalla. Allah shi yi ma karatu albarka." Ta gara ƙafar keken cikin gida ta turo ƙyaure.

Ta gaba ta ɗaga sarƙa. "Nawa jikan hwa, Malam?"

"Na ɗaya ne."

Ƙyaure ya rufe. Haka ya bi lungun nan ƙofa ƙofa, yana raba keken kansila da bakinsa a karo na biyu, kowace amsa da ƙarar sakata a bayanta. Yana kaiwa ƙofar ƙarshe ladan ya kira la'asar.

A bakin titi motar kansila na tsaye tana huci. Direba ya leƙo ta taga ya dubi hannuwan Malam, dama da hagu, babu ko kusa.

"Hedimasta, Alhaji ya ce ina keke?"

Malam Babaji ya gyara hula, ya tattaro ragowar muryarsa.

"Ka ce mashi romon dimokuraɗiyya ya isa kowane gida."

"To. Ya ce in babu keke, in amso makullai."

Ya laluba aljihu ya miƙa. Motar ta ja, ta taka kwatamin ruwan sama ta wanke masa riga har wuya, ta nufi Kambarawa.